Waiwaye: Gansakukar Tafkin Chadi

Mu da muka tashi da bandar Baga a miya da kanwa ungurnu a tukunyar wake, harshenmu ya san Tafkin Chadi ko da idonmu bai gan shi ba. Abin da muka manta shi ne mai ciyar da kifin tun daga tushe, wato gansakukar ruwa, 'yan tsirran nan da sai sun yi taron dangi ido ke ganinsu.

A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 ya sauka, Kogin Shari, mai kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa, ya ja baya. Tafki ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya ƙafe a 1975. Kafin ƙafewar, ruwa ya yi ta ɗaukar gishiri: gansakuka mai son ruwan daɗi ta ragu, mai jure kanwa ta samu sarari, har ruwa ya yi kauri. Kifi kuwa ya yi ta mutuwa a gurabun da suka saura.

Yaranmu na yanzu suna jin labarin ƙanƙancewar tafkin a rediyo, sai su ɗauka duk zancen ruwa ne. Ai ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya canja launi banza.

Matan Kanumbu sun riga kowa sanin wannan. A tafkunan kanwa na ƙasar Kanem suke kwasar wata koriyar gansakuka da suke kira dihe. Mace za ta shiga ruwa da sassafe, ta yaɗo ta da kwano, ta zuba a kwarmin da ta share a yashi. Yashi ya tsotse ruwa, rana ta ƙarasa, sai ta yanka gunduwa-gunduwa, ta miya da ta kasuwa. Da damina ake samunta da yawa. In hunturu ya kankama sai ta yi ƙaranci. Amma in ruwa ya wuce kima, sai kanwa ta salance, dihe ta ja da baya. Fari ya tsananta, tafki ya zama faƙon kanwa.

A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, Njamena ta yau. Bincike ya nuna fiye da rabinta furotin ne. Ita ce yau ake ɗurawa a kwalba da sunan sifirulina, 'yan birni na saye da tsada, ba mai tambayar yadda damina ta kasance a Kanem.