Masu horas da 'yan ƙwallo: difloma kaɗai ba ta tsare amanar yara

Sau uku a jere masu horaswa 'yan Afirka suka ɗaga kofin nahiyar: Djamel Belmadi da Aljeriya a 2019, Aliou Cissé da Senegal a watan Fabrairun 2022, sai Emerse Faé da Kodibuwa a watan Fabrairun 2024. A tsakiyar wannan lokaci Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta Katar, matakin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa takawa ba. Tsohuwar gardamar nan ta majalisun shayi, wai ɗan gida ba zai iya ba sai an ɗauko Bature, ta rasa ƙafar tsayawa.

Sai dai a watan Maris na 2025 wani labari na daban ya fito daga FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Ta haramta wa Patrick Assoumou Eyi, tsohon kocin 'yan ƙasa da shekara 17 na Gabon, shiga harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa, bayan ta same shi da laifin lalata da yaran da aka ba shi amana. Labaran biyu na sana'a guda ne. Tambayar da suke ajiye wa magabatan wasanni da iyaye a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ita ce: wane ne ke horas da mai horaswa, wa ke sa masa ido, kuma wa zai tsaya masa ranar da ya ƙi yin abin da bai dace ba?

Darasin Harouna Doula

Nijar ta san darajar kocin gida tun kafin a fara yayinsa. Harouna Doula ne ya jagoranci Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a watan Oktoban 2010, lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afirka karo uku a jere. Shi ne kuma ya kai ƙasar gasar CAN ta 2012, karon farko a tarihi, a gaban Afirka ta Kudu da Saliyo da ita Masar ɗin. CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta zaɓe shi gwarzon koci na shekarar 2011.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne. Gab da gasar aka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko, ragama ta koma hannun baƙon. Wanda nahiya ta karrama makonni kaɗan baya ya koma gefe a tsakiyar gasa. Shekaru goma sha ɗaya bayan haka, a gasar CHAN da aka buga a Aljeriya a farkon 2023, Doula ya kai Mena ta 'yan wasan gida wasan kusa da na ƙarshe bayan ta fitar da Ghana da ci 2 da nema. Ƙwarewar tana nan. Abin da tarihin ya nuna shi ne kujerar koci ba ta da ƙafafu masu ƙarfi, ko da mai zama a kanta ya fi kowa cancanta.

Matakalar difloma

A yau sana'ar tana da matakala. CAF ta tsara lasisi daki-daki, daga D na masu fara aiki da yara, zuwa C, B da A, sannan Pro a ƙololuwa. An buɗe kwas na farko na matakin Pro a Maroko a 2018, kuma cikin ɗalibansa akwai manyan sunaye irin su Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu da Florent Ibenge na Kwango, mutanen da sun riga sun ci kofuna amma suka koma aji. Gemu ba ya hana ilimi. Haka kuma CAF ta sa sharaɗin babban lasisi ga duk kocin da zai zauna a benci a gasannin kulob-kulob na nahiya. Wannan ya shafi Nijar kai tsaye, tun da ƙungiyar jandarmomi ta USGN ta kai matakin rukuni na kofin Confédération a kakar 2021 zuwa 2022. Kulob ɗin da ya ci kofin ƙasa ba tare da koci mai takarda ba, dole ya shiga neman aro.

A Turai takardar ba ta dawwama. A tsarin UEFA, lasisi na aiki ne shekara uku, kuma sai koci ya yi aƙalla awa 15 na ƙarin karatu kafin a sabunta masa. A Faransa, kulob ɗin Reims ya riƙa biyan tarar yuro 25,000 a kowane wasa, sama da miliyan 16 na sefa, a kakar 2022 zuwa 2023, saboda kocinsa Will Still bai mallaki babbar diflomar da doka ta tanada ba. Dalilin tsaurin a fili yake: ilimin motsa jiki, abinci, jinyar rauni da nazarin wasa ta bidiyo na canzawa kullum. Kocin da ke sa yara gudu da tsakar rana a watan Afrilu ba tare da ruwa ba, don haka aka yi masa yana yaro, zai iya kai ɗan wani asibiti.

Shi kansa Faé bai faɗo daga sama ba. Ya yi shekaru yana horas da matasa a Nice da Clermont kafin ya zama mataimakin Jean-Louis Gasset. Da aka sallami Gasset bayan Equatorial Guinea ta lallasa Kodibuwa 4 da nema, wanda ya karɓi ragamar ya riga ya sha aji ya sha fili.

Inda amana ke karyewa

Amma difloma tana auna abin da mutum ya sani ne, ba ta auna abin da zai yi idan babu mai kallonsa. Manyan badaƙalolin shekarun nan ba jahilai suka tafka su ba.

Na farko shi ne kuɗi. A 2018 aka fitar da bidiyon ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas da ya nuna Salisu Yusuf, babban kocin Najeriya na 'yan wasan gida, yana karɓar dala 1,000 daga wasu da suka yi shigar wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta canza zaɓinsa ba, amma hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000. A 2019 FIFA ta haramta wa Samson Siasia harkar ƙwallo har abada kan zargin amincewa da cin hanci don murɗe wasanni, zargin da ya musanta, kafin kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021.

Na biyu shi ne ƙaryar shekaru. A nan Nijar ta ɗanɗana da bakinta: a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya a 2009, an fitar da ita saboda batun shekarun ɗan wasa, Malawi ta maye gurbinta har zuwa gasar duniya. Sai a 2017 matasan Nijar suka taka wannan mataki a Indiya, inda suka kai zagaye na biyu. Tun 2009 ake amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu, amma hakan bai kashe cutar ba: a Kamaru, 'yan wasa 21 cikin 30 suka faɗi gwajin da hukumar Samuel Eto'o ta sa aka yi gab da wata gasar yanki a farkon 2023. Duk saurayin da aka rage wa shekaru, wani yaro na gaskiya ne aka kora gida.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne cin zarafin yara. A Mali, ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa a watan Yunin 2021 yadda ake lalata da 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasa. An kama kocinsu Amadou Bamba, kuma binciken da hukumar FIBA ta sa aka yi ya nuna cewa abin ya daɗe, waɗanda ya kamata su tsawata kuma ba su yi ba. A Gabon ma, jaridar Guardian ta Ingila ce ta tona asirin Eyi a watan Disamban 2021. A ƙasashen biyu, ƙarar ta fito ne daga waje. Abokan aikin da ke shiga fili ɗaya da masu laifin ba su ne suka fara magana ba.

Kocin da ke tsaye shi kaɗai

Wannan shiru yana da tushe. Koci da yawa a ƙasashen yankin na aiki ne da alkawarin baki. Albashi na zuwa in ya zo, shugaban kulob ko attajirin da ke ɗaukar nauyi na iya aiko da sunan ɗan wasan da yake so a saka, kuma rashin nasara biyu ko uku ya isa a sallami mutum ta wayar salula. Wanda bai san makomar tuwon gidansa ba, da wuya ya ce a'a ga mai ba shi na cefane, ko ya kai ƙarar wani babba da ke da hannu a rabon muƙamai.

Tun ranar 1 ga Janairun 2021 FIFA ta sa ƙa'idoji na musamman kan kwantaragin masu horaswa, har da diyya idan aka kori mutum ba bisa dalili ba. Sai dai kotunta na sauraron rigimar da ta haɗa koci da kulob ko hukumar wata ƙasa ce da ba tasa ba. Ma'ana, baƙon da aka ɗauko daga waje na da inda zai kai kuka. Ɗan gida da ke horas da Dan Kassawa ko Jangorzo a Maraɗi, ko Espoir a Damagaram, dogaronsa na kan dokokin FENIFOOT da na ƙwadago na ƙasa, idan ma akwai takardar da zai nuna.

A nan ƙungiyar masu sana'a ke da amfani. A Ingila manajoji sun kafa tasu tun 1992, tana ba su lauyoyi da kwasa-kwasai. A Faransa ƙungiyar UNECATEF na zama teburi ɗaya da kulob-kulob wajen tsara sharuɗɗan aiki. Irin wannan haɗin kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙera, mahauta da magina duk suna da sarkinsu, wanda ke raba gardama, ya tsawata wa mai ha'inci, ya kuma san wanda ya ƙware da wanda yake koyo. Sana'a na kare mutuncinta ne idan tana iya kare ɗanta na kirki, tana kuma iya fitar da ɓata-gari da hannunta.

Abin da ke hannun magabata

Matakan da za su haɗa ilimi, ɗa'a da zumunci ba sa buƙatar biliyoyi. Na farko, kada a yi wa kulob rajistar gasa sai ya ajiye rubutaccen kwantaragin kocinsa a hukuma, tare da kwamitin sasanci da masu horaswa ke da wakilci a ciki. Na biyu, a ɗaura sabunta lasisi a kan ƙarin karatu, kuma a kai kwasa-kwasan jihohi. Kocin unguwa a Tasawa ko Birnin Ƙonni ba shi da kuɗin mota da masauki na makonni a Yamai, alhali a hannunsa yara ke fara taɓa ƙwallo. Malaman motsa jiki da cibiyar INJS ke yayewa suna warwatse a makarantun ƙasa, ana iya jingina da su. Bayar da darasi da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransanci kaɗai ba, zai shigo da tsofaffin 'yan wasa da dama da ba su yi nisa a lakwal ba.

Na uku, kare yara ya zama sharaɗin samun ko da ƙaramin lasisi. FIFA ta fitar da shirinta na Guardians tun 2019, mai ƙunshe da ƙa'idoji masu sauƙi: kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, a sanar da iyaye duk wata tafiya, a sami wanda za a kai wa ƙara wanda ba ya ƙarƙashin kocin. Faransa ta ƙara da dokar watan Maris na 2024, wadda ta tsaurara binciken tarihin shari'a na masu aiki da yara a wasanni. Yayin da ƙwallon mata ke ƙara samun gindin zama a Nijar, horas da mata koci shi ne zai kwantar da hankalin iyaye su bar 'ya'yansu su fito.

Iyaye ma na da nasu. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk kocin da ya nemi a sayar da gona ko fili don ya kai yaro ɗan shekara 15 Turai, ya kamata a tambaye shi lasisinsa, a kuma tambayi hukumar ƙwallon jiha ko ta san shi.

Kowace yamma, a filayen makarantu da na bayan gari, dubban yara na taruwa gaban mutum guda mai usur a wuya. Ba za a ga sakamakon aikinsa a allon filin wasa na Seyni Kountché ba sai bayan shekara goma. Irin horon da aka ba shi, da takardar da ke kare shi, da abokan sana'ar da za su iya ce masa kul, su ne za su yanke irin Menar da za a gani a lokacin.