Gyaran Haƙori Sai Da Haƙuri

A filinmu na kiwon lafiya na wannan mako za mu duba tambayar da duk wanda aka ɗaura wa waya a baki domin daidaita haƙoransa yakan yi tun ranar farko, watau, "Likita, yaushe za a cire?" Amsar da yakan samu ita ce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani sa'in har fiye da haka. Daga nan gwiwar mutane da yawa takan yi sanyi, musamman ma'aikata da 'yan matan da ke shirin aure.

To, jinkirin yana da dalili. Shi haƙori a dashe yake cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan waya ta matsa shi, ƙashin da ke gabansa yakan narke kaɗan-kaɗan, sabo kuma ya tsiro a bayansa ya cike gurbin. Wannan aiki na jiki yakan gusar da haƙori kamar milimita 1 ne a wata. In aka tsananta waya fiye da kima don neman sauri, saiwar haƙorin tana iya zaizayewa.

Masana sun daɗe suna neman hanyar rage kwanakin. A 1959 likita Heinrich Köle na ƙasar Ostiriya ya bayyana dabarar tsaga ƙashin da ke kewaye da haƙori, a 2001 kuma wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna, masu suna Wilcko, suka sabunta ta a Amurka. Daga baya aka samo ta huda ƙananan ramuka a ƙashin ta cikin dasashi, da kuma wata na'ura mai kaɗawa wadda ake cizawa minti 20 kowace rana.

Abin lura shi ne, kowa yana son a gama da wuri, amma da an ambaci tiyata sai akasarin masu jinya su ja da baya, su gwammace na'urar ko da ƙarin kuɗi. Alhali kuwa tiyatar ce aka ga tana ƙara sauri, shi ma na 'yan watanni kawai. Ita na'urar, gwajin da aka yi mata a Ingila, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, bai nuna ta rage komai ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, saurin da ya fi tabbas a hannunka yake. Ka riƙa zuwa asibiti a ranar da aka sa maka. Ka guji tauna ƙashi da aya da rake, domin duk ƙarfen da ya ɓalle yana mayar da aiki baya. Ka sa robar da likita ya ba ka yadda ya umarta, ka kuma tsare wanke baki da buroshi. Kafin ka biya kuɗin wata sabuwar dabara, ka tambayi likita wata nawa za ta rage maka, kuma mene ne haɗarinta. Masu iya magana dai sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.