Masu ƙera jirgin gwangwani, ku fara daga ƙafa

1/ Samarinmu na Batsari da Safana masu ƙera kan jirgin ƙasa da gwangwani, don Allah ku daina ɗora shi kan ƙasan motar wasan yara. Wallahi abin yana ba ni haushi.

2/ Kan jirgi mai dizal ba tirela ba ne. Ƙafafunsa rukuni biyu ne, gaba da baya, kowanne yana juyawa da kansa a kwana. Ƙasan mota ba ya haka, shi ya sa naku ke sauka daga layi.

3/ Faɗin layin fa? Tsohon layin Kano milimita 1,067 ne, sabon na Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya 1,435. Zaɓi ɗaya ka auna tukuna, fenti ya jira.