Wa ya karya dokar kulle a Kirsimetin 2020?

Tun lokacin annobar korona akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu ilmi, wai dokar kulle ta yi aiki a inda ta yi aiki saboda mutanen wurin masu da'a ne, ta kuma wargaje a inda ta wargaje saboda taurin kan talaka. Masu mulki sun ji daɗin wannan magana, domin tana sauke musu nauyi: idan annoba ta ƙi lafawa, laifin jama'a ne da suka ƙi jin magana. Abin da ya faru a watan Disamba na 2020 ya ƙaryata ta. A wannan watan gwamnatoci da dama suka nemi mutanensu su haƙura da ranar da ta fi kowace rana daraja a shekararsu, kuma mafi yawansu suka haƙura. Waɗanda haƙurin ya gagara, a ƙasa bayan ƙasa, su ne waɗanda suka sa hannu a kan dokar.

Duk wanda ya san yadda tasha ke cika a jajibirin Sallah ya san girman abin da aka nema. A Turai da Amurka ta Arewa, Kirsimeti ita ce ranar da ɗan da ke aiki a birni yake komawa gaban iyayensa, jikoki su ga kakanni, har wanda bai taka ƙofar coci ba duk shekara ya zauna cin abinci tare da danginsa. Ta kuma faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da ake rufe tagogi a cunkushe a ɗaki guda, yanayin da ƙwayar cutar ta fi so.

A Birtaniya aka fi ganin abin tsirara. A ranar 24 ga Nuwamba gwamnatin Boris Johnson, tare da hukumomin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, ta yi alkawarin sassauci na kwana biyar, daga 23 zuwa 27 ga Disamba, inda gidaje uku za su iya haɗuwa. Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce idan ba a ba mutane dama ba za su ƙwace ta da kansu. Likitoci suka yi ta kashedi. A ranar 15 ga Disamba manyan mujallun lafiya biyu na ƙasar, British Medical Journal da Health Service Journal, suka fitar da sharhi na haɗin gwiwa suna roƙon a janye sassaucin domin zai ci rayuka. Washegari Johnson ya ce soke Kirsimeti rashin imani ne. Bayan kwana uku, ranar Asabar 19 ga wata, shi da kansa ya soke ta ga miliyoyin mutanen Landan da kudu maso gabashin Ingila, ya rage wa sauran ƙasar kwana biyar ɗin zuwa yini ɗaya, saboda sabon nau'in cutar da ya ɓulla a yankin Kent.

Hoton da duniya ta gani a daren nan shi ne na cunkoson matafiya a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, suna rige-rigen barin Landan kafin dokar ta fara aiki da tsakar dare. Da shi aka kafa hujja cewa jama'a ba su da tunani. Amma 'yan dubbai ne a birnin da ke da mutum kusan miliyan tara, kuma mutane ne da aka ce musu su sayi tikiti su yi cefane, sannan aka ba su sa'o'i kaɗan su warware komai. Ƙuri'un jin ra'ayi na kamfanin YouGov sun nuna wani abu daban. Tun kafin Johnson ya sauya magana, mafi rinjayen waɗanda aka tambaya sun ce a janye sassaucin, bayan ya sauya kuma mafi rinjaye suka goyi bayan tsaurarawar. Jama'a suna gaba, gwamnati tana jan ƙafa a baya, tana kuma fakewa da su.

Musulmin Ingila suna da dalilin yin murmushin takaici da jin kalmar rashin imani. A daren 30 ga Yuli na wannan shekarar, 'yan sa'o'i kafin Babbar Sallah, ministan lafiya Matt Hancock ya sanar a Twitter cewa an hana ziyara tsakanin gidaje a Manchester da kewayenta da wasu sassan Lancashire da Yorkshire, yankunan da Musulmi suke da yawa. Aka soke musu Sallah bayan an gama girki, suka kuma haƙura.

Tushen wannan raini ga jama'a wata fahimta ce da ta samu gindin zama tun watan Maris na 2020, wai mutane za su gaji da bin doka nan da nan, don haka kada a yi gaggawar kulle su. Ɗaruruwan masana halayyar ɗan'adam suka rubuta wa gwamnati buɗaɗɗiyar wasiƙa suna tambaya ina hujjar wannan zato. Farfesa Stephen Reicher na Jami'ar St Andrews, ɗaya daga cikin masu ba gwamnati shawara, ya yi ta nanata cewa juriyar jama'a ta fi ta shugabanninsu, kuma inda ake samun saɓa doka galibi rashin hali ne ke jawo shi. Wanda aka ce ya killace kansa na kwana goma, alhali kuɗin jinya da doka ta tanadar masa a lokacin fam 95.85 ne a mako, lissafin haya da abinci ne ke fitar da shi daga gida.

Jamus ta bi wata hanya. A ranar 9 ga Disamba Angela Merkel, wadda aka sani da sanyin magana, ta tsaya gaban majalisa tana roƙo da hannuwa a haɗe. Ta ce mutuwar mutum 590 a rana farashi ne da ba za a karɓa ba, kuma idan aka yi ta cuɗanya yanzu har ta zama Kirsimeti ta ƙarshe da kakanni, to an yi sakaci. Daga 16 ga wata aka rufe shaguna da makarantu, kasuwar Kirsimeti ta Nuremberg mai ɗaruruwan shekaru ba ta ci ba, aka kuma hana sayar da wutar wasa ta sabuwar shekara. A nan ma ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna rinjaye yana tare da tsaurarawa. Kada a ce ai Jamusawa ne, bin doka a jininsu yake. Gwamnati ta yi alkawarin biyan wuraren cin abinci da aka rufe har kashi 75 cikin ɗari na cinikinsu na bara, kuma ba a ga Merkel a wata liyafa ba. Italiyawa, waɗanda maƙwabtansu na arewa suka daɗe suna yi wa ba'ar rashin tsari, sun zauna a gida daga 24 zuwa 27 ga Disamba da kuma kwanakin sabuwar shekara a ƙarƙashin doka mafi tsanani. Fafaroma Francis ya matso da addu'ar jajibiri zuwa ƙarfe bakwai da rabi na yamma, domin 'yan tsirarun da suka halarta su isa gida kafin dokar hana fita ta ƙarfe goma.

Ba a ce babu masu adawa ba. A Jamus ƙungiyar Querdenken da ta taso daga Stuttgart ta cika tituna da zanga-zanga. A Holan, lokacin da firaminista Mark Rutte yake sanar da kulle a ranar 14 ga Disamba, ana jiyo ƙarar tukwane da usur na masu bore ta tagar ofishinsa, a watan Janairu kuma aka ƙone wurin gwajin cutar a garin Urk. A Faransa mutum kusan 2,500 suka yi casun sabuwar shekara a wani sito a yankin Brittany. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen ma suna da tushe, domin tsofaffi sun mutu cikin kaɗaici kuma yara sun yi asarar karatu. Gaskiya ne kuma cewa faɗa wa mai tambaya ana goyon bayan doka ya fi bin ta sauƙi, akwai wanda ya ce ya yarda sannan ya saci jiki ya leƙa mahaifiyarsa. Amma masu boren tsiraru ne masu ƙarar murya, kuma kyamara ba ta ɗaukar hoton miliyoyin da suka ci abincin Kirsimeti su kaɗai a gaban waya.

Amurka ce ta fi kama da ƙasar da jama'a suka yi kunnen ƙashi, domin fiye da mutum miliyan ɗaya suka bi ta filayen jiragen sama a ranar 23 ga Disamba, a watan da mace-mace suka haura dubu uku a rana. Sai dai Ba'amurke umarni biyu aka ba shi masu karo da juna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ce a zauna a gida, fadar White House ta Donald Trump kuma tana shirya liyafar Kirsimeti ɗaya bayan ɗaya a rufaffen ɗaki. Ɓangaren da ke wa'azin kulle ma bai tsira ba. An ɗauki hoton gwamnan California Gavin Newsom yana walima a gidan abinci mai tsada na French Laundry a watan Nuwamba, magajin garin Austin kuma ya naɗi saƙon a zauna a gida alhali yana hutu a bakin teku a Meziko.

A Kanada abin ya kai intaha. Ministan kuɗi na lardin Ontario, Rod Phillips, ya tafi tsibirin St Barts a yankin Karibiyan, shafinsa na Twitter kuma yana ta sakin hotunan da aka riga aka tanada, har da bidiyonsa a gefen murhu yana gode wa jama'a bisa sadaukarwar da suke yi. Ya yi murabus a ranar 31 ga Disamba. A Suwidin, ƙasar da ta dogara da shawara maimakon tilas, shugaban hukumar agajin gaggawa Dan Eliasson, wanda hukumarsa ta aika wa 'yan ƙasa saƙon waya cewa su kiyaye, ya tafi tsibiran Canary bikin Kirsimeti, shi ma kujerar ta suɓuce masa.

Wannan ba baƙon labari ba ne a Nijeriya. An ga cunkoson manya a maƙabartar Gudu ta Abuja ranar 18 ga Afrilun 2020 wajen jana'izar Abba Kyari, a watan da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. A watan Disamba, yayin da kwamitin shugaban ƙasa kan annobar yake umarnin a taƙaita taruka saboda bukukuwan ƙarshen shekara, wani ɓangaren gwamnatin ya ba 'yan ƙasa mako biyu su haɗa layukan wayarsu da lambar shaidar ɗan ƙasa ko a toshe su. Dubban mutane suka yi dafifi a ofisoshin NIMC kafaɗa da kafaɗa, sai daga baya aka ƙara wa'adin. Wanda ya kwana a wannan layin, da wane baki za a ce masa shi ne mai yaɗa cuta?

Amma babu inda cin amanar ya kai na fadar firaministan Birtaniya da ke titin Downing. Ranar Juma'a 18 ga Disamba, kwana ɗaya kafin Johnson ya soke Kirsimetin miliyoyi, ma'aikatan ofishin yaɗa labaransa suka yi shagali da giya da cuku da musayar kyaututtuka har dare ya raba, a lokacin da doka ta hana mutanen Landan haɗuwa a cikin ɗaki. Rahoton da babbar jami'ar gwamnati Sue Gray ta fitar a watan Mayun 2022 ya ce mai sharar da ta shiga da safe ta tarar an zubar da jar giya a bango, ya kuma ambaci yadda aka riƙa wulaƙanta masu shara da masu gadi a irin waɗannan taruka. Bayan kwana huɗu da shagalin aka ɗauki bidiyon kakakin firaminista, Allegra Stratton, tana atisayen amsa tambayoyin 'yan jarida, tana dariya tare da abokan aikinta a kan yadda za su ce taron aiki ne. A watan da ya biyo baya ƙasar ta ba da rahoton mutuwar mutum 1,820 a rana ɗaya, jimillar mamata kuma ta haura dubu ɗari.

Asirin bai tonu ba sai bayan shekara guda, lokacin da jaridar Daily Mirror ta fasa ƙwai a ƙarshen Nuwamban 2021, gidan talabijin na ITV kuma ya saki bidiyon a ranar 7 ga Disamba. Ya zo daidai da ɓullar nau'in Omicron, wato lokacin da gwamnati ta fi bukatar a saurare ta. Holan ta sake kulle ƙasa a ranar 19 ga Disamba. Johnson bai da bakin neman irin wannan, domin ko 'yar ƙaramar dokar nuna shaidar rigakafi da ya kai majalisa, kusan 'yan jam'iyyarsa ɗari suka juya masa baya. Sa'a ce ta sa Omicron bai kai na baya kisa ba. Da ya kai, da an shiga annoba da shugaban da ya riga ya ɓarnatar da amincin da ake bukata don a yaƙe ta, kuma da an sake cewa jama'a ne suka gaji.

'Yan sandan Landan sun ci tarar mutum 83 a kan tarukan fadar da ofisoshin gwamnati, takardun tara 126. A 2023 kwamitin majalisa ya yanke cewa Johnson ya yaudari majalisar da gangan a kan batun. Tarar da shi kansa ya biya, saboda taron murnar zagayowar ranar haihuwarsa a watan Yunin 2020, fam 50 ce. A watan Oktoban wannan shekarar an ci wasu ɗalibai huɗu a birnin Nottingham tarar fam dubu goma kowannensu, saboda sun tara mutum fiye da talatin a gidan da suke haya.