KULLUM TAIFOT, KULLUM MALERIYA?

Jama'a 'yan'uwanmu talakawa, musamman ku na kasuwar kifi ta Haɗejiya da manoman fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, akwai wani zalunci wanda ba da bulala a ke yinsa ba, amma yana cinye jarin mutum ƙaf. Watau a bar majiyyaci shekara da shekaru bai san sunan cutarsa ba, alhali kullum ana karɓar kuɗinsa.

Kun san irin abin. Mace da ƙuruciyarta, yau ƙafa ta mutu, gobe ido ɗaya ya dushe, jibi gaɓoɓi su kumbura, sa'an nan ta warware kamar ba ita ba, bayan wata shida abu ya komo. A ɗebi jini, a ce taifot da maleriya. Ta sake komawa, a sake faɗin haka. Gwajin nan na Widal da a ke dogara da shi tun 1896 aka ƙago shi, kuma a ƙasa irin tamu yakan nuna taifot har a jinin wanda lafiyarsa lau. In an gaji a ce iska ce ko sammu, akuya ta tafi, buhun shinkafa ya bi ta.

Mu ba mu ce aikin mai sauƙi ba ne. Lalle cututtukan nan kama gare su kamar tagwaye. Akwai lufus, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ta taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda har ƙwaƙwalwa, kuma cikin goma da ta kama kusan tara mata ne. Akwai wadda likitoci ke kira MS, mai cin rigar jijiyoyi, da wata NMO mai kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa ga baƙar fata. Likitocin duniya sun daɗe suna ɗaukar NMO reshen MS ce, sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke rarrabe su a asibitin Mayo na Amurka, ga shi kuwa wani maganin MS ƙara wa mai NMO ciwo ya ke yi. Ciwon suga da kuturta ma suna kashe ƙafa.

To, in manyan can sun rikice, ina abin kunya ga ma'aikacin asibiti ya ce, "Ban gane ba tukuna, ga takarda, je ki gaba"? Abin kunya shi ne ya rufe rashin saninsa da allura da ƙarin ruwa.

Ku kuma masu kemis da masu tallar magani a faranti, ku ji tsoron Allah. Ƙwayar firednisolon da desametason suna kwantar da ciwo su ɓoye alamunsa, likita ya duba ya rasa, sa'an nan su ta da suga da hawan jini, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya bari farat ɗaya yana iya halaka. Diklofenak kullum kuwa ƙoda ya ke ci, a ƙasar da ciwon ƙoda ya riga ya addabi mutane daga Haɗejiya har Gashuwa.

Tun 1991 aka yi Jihar Jigawa. Ashe har yanzu ba a isa a ɗauko likitan jijiya da na gaɓoɓi su riƙa zama Haɗejiya ko sau ɗaya a wata ba, don ƙananan hukumomi takwas na masarautar? Sai dai mai kwandon kifi ya sayar da jarinsa ya kai matarsa Asibitin Malam Aminu Kano? Muna so a ɗebi jinin a nan, hukuma ta kai shi Kano da kuɗinta, sakamako ya komo cikin fayil guda mai bin majiyyaci duk inda aka tura shi.

Kafin su farka, kowa ya sayi littafi ya rubuta ranar da ciwo ya taso da inda ya kama da maganin da aka sha, ya adana kowace takardar gwaji, kada a ƙunsa ƙosai da ita. Ran da masu neman ƙuri'a suka shigo kasuwa, ku tambaye su ranar da likitan zai fara zuwa.