SHARHI: Hazo a gaba, 'yan bindiga a gefe: Jarrabawar direbobin Zamfara a lokacin hunturu

Kowace shekara, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa cikin Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. A tsakiyar wannan lokaci, sanyin asuba a Gusau yakan sauko ƙasa da digiri 15, rana kuma ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe 7. Mutumin Kanada ko Rasha, wanda ke haƙo motarsa daga cikin dusar ƙanƙara, zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. Da gaskiyarsa. Sai dai shi idan motarsa ta mace a hanya, janwe yake jira. Direban da tasa ta mace tsakanin Tsafe da 'Yankara kuwa, bai san wanda zai fara isowa gare shi ba.

Wannan ne ya sa batun tayar da mota da tuƙa ta cikin hunturu, wanda a wasu wurare bai wuce hirar gareji ba, a Zamfara ya zama batun tsaro, kuma batun da ya kamata a tambayi masu mulki a kansa.

Rashin tsaro ya riga ya sauya lokacin tafiya a jihar. A da, direban da ya tsani zafin rana ko cunkoso yakan bi dare. Yanzu dare ya haramta. A watan Afrilun 2024, gwamnatin Dauda Lawal ta sanar da hana zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a iyakar jihar da Katsina ta 'Yankara, da iyakarta da Sakkwato ta Bimasa. Amma tun kafin wannan sanarwa, direbobi sun kafa wa kansu irin wannan doka, domin sunaye irin su Magazu, Kucheri da Wanzamai sun daɗe suna fitowa a labaran tare hanya. Sakamakon haka, duk mai son zuwa Zariya, Kaduna ko Kano daga Gusau, ko mai son bi ta Bungudu da Maru zuwa Talatar Mafara da Sakkwato ya dawo da sauran rana, sammako ya zame masa dole. Sammakon hunturu kuwa shi ne lokacin da inji ya fi sanyi, batir ya fi rauni, hazo bai gama ɗagawa ba, kuma kowa ya fito lokaci ɗaya yana sauri.

Daga batir matsalar ke farawa. Mutane da yawa sun ɗauka sanyi ne ke kashe batir. A ƙasarmu, zafin Maris da Afrilu ne ke cinye shi a hankali, sanyin Disamba kuma ya tona asirinsa. Batir yana samar da wuta ne ta hanyar haɗuwar sinadarai, kuma sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, inji yake buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, kuma duk mai gyaran waya da ke da mita zai iya auna shi cikin minti ɗaya. Wanda ya ji kik ɗin motarsa ya fara ja da nauyi da safe, gargaɗi ne aka yi masa. Idan ta ƙi tashi, ba a danne makulli fiye da daƙiƙa goma. A saki, a ɗan jira, a kashe fitila da rediyo, sannan a sake gwadawa. Sau da yawa ma laifin bai wuce farin datti da ya taru a kan batir ko wayar da ta kwance ba.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne motar da aka tura ta tashi. A tasha, ko a bakin gareji a Sabon Gari, ba a rasa majiya ƙarfi da za su taimaka da turi, a yi raha a watse. Amma motar da sai da turi ta tashi a Gusau, mota ce da ba a isa a kashe ta ba har sai an isa Funtuwa. Idan ta mutu a rami ko a shingen bincike, fasinjoji ne za su sauko su tura a tsakiyar daji. Mai atomatik kuwa ko wannan damar ba ta da ita. Duk fasinjan da ya ga an tura mota kafin lodi, yana da haƙƙin ya sauka ya karɓi kuɗinsa, kuma bai kamata a ɗauke shi mai tsirfa ba.

Akwai kuma al'adar ɗumama inji, wadda aka gada daga zamanin kafireto. Har gobe za ka ji wani ya tayar da mota da asuba ya taka totur har unguwa ta amsa, wai yana ba ta zafi. A lokacin nan baƙin mai bai gama zagaya sassan inji ba, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Motocin injekta, waɗanda su ne mafi yawa a yau, ba su buƙatar fiye da minti ɗaya a tsaye; sauran ɗumin a kan hanya suke samunsa, matuƙar an fara tafiya a hankali na 'yan mintuna. Mai dizal shi ne zai jira fitilar hita ta ɗauke kafin ya murɗa makulli. Barin inji yana aiki na rubu'in awa ƙonon fetur ne kawai, idan kuma a rufaffen gareji ne, hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke kisa.

Baƙin man kansa abin dubawa ne. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 ko 5W-30, ba ado ba ne: ta farkon tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, kuma gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon saurin isarsa inda ake buƙata. Yawancin ƙananan motocin zamani mai marar kauri kamfani ya rubuta musu, amma a garejojinmu an saba ɗura wa kowace mota mai kauri, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Da wannan hujjar ce kuma ake cire na'urar daidaita zafin inji, wadda makanikai ke kira tamostat, da zarar mota ta iso daga Kwatano. Injin da aka cire masa ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safiyar hunturu, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Ga kuma ƙura da ke toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Ba a ce makanikanmu ba su iya aiki ba. Yawancinsu sun fi ƙarfin kayan aikin da ke hannunsu. Ilimin ne aka bar shi a baki, daga maigida zuwa yaro, ba tare da wata hukuma ta damu da sabunta shi ba.

To, me ya sa direba ke fita da batir da ya san ya gaji? Amsar tana aljihunsa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Faɗuwar darajar naira ta biyo baya, kuma batir, taya, filogi da baƙin mai duk farashinsu da dala yake tafiya. Direban haya ba ya iya ɗage sayen fetur, ba ya iya ɗage kuɗin mai mota ko na tasha. Abin da yake iya ɗagewa shi ne gyara. Shi ya sa kasuwar tayoyi na hannu ke ci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu. Tayar da ta yi laushi da sanyin asuba, ga lodi ya wuce ƙima, ga gudu, takan yi zafi ta fashe idan rana ta ɗaga. Auna iska a wurin mai faci kafin a fita ba ya cin komai.

A kan hanya ne lamarin ya fi sarƙewa. Ƙa'idar tuƙi cikin hazo a fili take: a rage gudu, a kunna ƙaramar fitila, domin babbar tana dukan ƙurar ne ta dawo idon direba, a bar tazara mai yawa, kada a wuce wata mota sai ana hango nesa, kada a kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura. Idan gani ya gagara, a sauka daga kwalta gaba ɗaya a tsaya, a kunna fitilun gargaɗi. Lissafin ma mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma daga lokacin da direba ya hangi abu zuwa tsayuwarsa, ko da birki da taya lafiyayyu, yakan buƙaci fiye da mita 70. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan yi gargaɗin ranakun da gani ba zai wuce mita 1,000 ba, amma inda hayaƙin ƙonon daji ya haɗu da hazo, tazarar takan koma 'yan taku. A cikin wannan duhun ne amalanke, babur marar fitilar baya, da tirelar hatsi da ta lalace aka sa mata ganye a matsayin alama, suke jiran mai gudu.

Amma je ka faɗa wa direban hanyar Tsafe cewa ya rage gudu a Kucheri, ko ya faka a gefen daji har hazo ya washe. Dariya zai yi maka, kuma fasinjojinsa za su goya masa baya. Abin da littafin tuƙi ke kira ganganci, a wannan hanya shi ake kira dabara: a bi sahun juna kurkusa domin kada a zama saniyar ware, a take totur a wuraren da aka sani, kada a tsaya wa kowa. Gaba kura, baya sayaki. Dokar na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a watan Fabrairun 2017 ba a tsara ta da tunanin hanyar da gudu ke zama hanyar tsira ba. Direba ba zai iya warware wannan saɓani shi kaɗai ba, kuma zalunci ne a ɗora masa laifin duka idan an yi haɗari.

Warwarewar tana hannun hukuma, kuma ba duka ne ke buƙatar biliyoyi ba. Aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Funtuwa, Gusau da Sakkwato da gwamnatin tarayya ta bayar zai rage taho-mu-gama idan ya kammala. Kafin nan, wuraren da ake karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya suna buƙatar alamu masu ƙyalli da ake gani cikin hazo, kuma wannan alhakin ɗan kwangila ne da ma'aikatar ayyuka. Fentin layin tsakiya da na gefen kwalta shi ne jagoran direba idan ya daina hango nesa. Sintirin sojoji, 'yan sanda da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 ya kamata ya yi daidai da lokacin da motoci suka fi fitowa, domin direban da ya tabbata akwai jami'ai a gabansa ne kaɗai zai yarda ya sassauta ƙafa. Janwe guda a Tsafe da wani a Bungudu, tare da rakiyar jami'an tsaro, zai rage awannin da matacciyar mota ke yi a daji. FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa ta 122, amma lamba ba ta amfani inda sabis ya ɗauke, kuma mutanen Zamfara, da aka rufe wa layukan waya a Satumbar 2021 zamanin Bello Matawalle, sun fi kowa sanin haka. Hasashen NiMet kuwa, wanda matuƙan jiragen sama ke samu kullum, babu dalilin da zai hana gidajen rediyon Gusau karanta shi da Hausa bayan sallar asuba.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jiha da na tarayya suna da tambayoyin da za su riƙa yi wa wakilansu: nawa aka ware wa alamun hanya da motocin ceto, a ina aka ajiye su, wa ke tuƙa su? Irin waɗannan ba su kai gadar sama farin jini a lokacin kamfe ba, shi ya sa ba a jin su.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Abuja ko gidan gwamnati. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ke riƙe da layin lodi a tashoshin Gusau, Tsafe da Bungudu, kuma babu motar da ke ɗaukar fasinja ba da yardarta ba. Tana da ikon sanya sharaɗi daga Disamba zuwa Fabrairu: kafin 'yan kamasho su fara kiran fasinja, a kashe motar a sake tayar da ita da makulli a gaban jami'in tasha, a duba fitilun gaba da na baya, a duba ruwan wanke gilashi da safaya taya. Duka bai wuce aikin minti biyar ba. Wadda ta kasa, ta koma gareji, ta bayanta ta shigo layi.