Kwamfuta Ta Mutu, Sirrinka Na Nan da Rai

Sau da yawa akan wayi gari kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙi tashi. A danna maɓalli, shiru. A kai ta wurin mai gyara, ya ce kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sabuwa. Daga nan sai a tura ta ƙarƙashin gado, har ranar da ɗan jari-bola zai zo wucewa, a miƙa masa ita a karɓi 'yan kuɗi. A ganina wannan sakaci ne babba, irin wanda Hausawa ke cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta haɗakar sassa ce. Abin da kan hana ta tashi galibi batir ne, ko babban allon lantarkinta, ko gilashin fuskarta. Faifan ajiya, inda hotuna da wasiƙu da takardu ke zaune, yakan kasance lafiya lau. Ba ya bukatar wutar lantarki kafin ya riƙe abin da ke cikinsa, domin a kan maganaɗisu aka rubuta shi. Duk wanda ya kwance 'yan sukurori ya ciro shi, ya jona a wata kwamfuta, zai karanta kome. Kalmar sirrin da ake bugawa yayin kunna na'ura ba za ta hana shi ba, sai fa idan tun farko an kulle bayanan da tsari irin su BitLocker ko FileVault.

Wani zai ce ai ya goge takardunsa tun kafin na'urar ta lalace. To, gogewar yau da kullum tamkar yage shafin "abubuwan da ke ciki" ne daga littafi. Babobin suna nan daram, sai ranar da aka rubuta wani abu a kansu.

An gwada wannan a aikace. A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon bincikensu a kan tsofaffin faya-fayai 158 da suka sayo na hannu. Guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000 da bayanan marasa lafiya. Haka kuma a 2009 ɗaliban aikin jarida daga jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi wani faifai a kan dala 40 a garin Tema na ƙasar Ghana, suka tarar da takardun kwangila tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman, mai ƙera kayan yaƙi. Idan hakan ta faru ga masu ƙwararru da dukiya, ina ga ni da kai?

Akwai masu cewa, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Sai dai mu tuna, yawancin abin da ke cikin faifan ba namu ba ne mu kaɗai. Kwamfutar malami na ɗauke da sakamakon jarrabawa, da ranakun haihuwar ɗalibai, da lambobin wayar iyayensu. Ta ɗalibi na ɗauke da hotunan 'yan'uwansa mata da na abokansa. Duk waɗannan amana ce. A Nijeriya ma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk wata cibiya mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, kuma makarantu na ciki.

To, mene ne abin yi? Da farko a cire caja da batir, sannan a kwance murfin ƙasa a ciro faifan. Idan aikin ya gagara, a je wurin mai gyara, amma a tsaya ya ciro shi a gaban idonka. Sai a sa shi cikin ɗan akwatin nan mai wayar USB, a jona da lafiyayyiyar kwamfuta, a kwashe abin da ake bukata. Bayan haka a yi amfani da manhajar da ke rubuta sifiri a kan faifan tun daga farkonsa har ƙarshe. A 1996 masani Peter Gutmann ya kawo hanyar maimaita rubutun har sau 35, amma ga faya-fayan zamani sau ɗaya ya wadatar. Faifan da aka share haka ana iya ci gaba da amfani da shi, kuma wannan ya fi, domin farfasa lafiyayyen kaya almubazzaranci ne.

Idan kuwa faifan kansa ya mutu, sai a lalata shi: a huda shi wuri uku ko huɗu, ko a sa masa guduma har farantan ciki su tarwatse. A kare idanu, domin a ƙananan faya-fayai farantan sau da yawa na gilashi ne. Tsoma shi a ruwa ko goga masa ƙaramin maganaɗisu aikin banza ne.

Sabbin kwamfutoci na amfani da wata ma'ajiya mai suna SSD, wadda ba ta da faranti, sai ƙananan ƙwayoyin lantarki. Ita rubutun sifiri ba ya isa kowane lungunta, don haka sai a bi umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera ta, ko a farfasa kowace ƙwaya. A wasu na'urorin ma an manne ƙwayoyin ne a jikin babban allo, don haka allon za a lalata. Amma kada a kuskura a huda batir ko a ƙona shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Ina kira ga shugabannin makarantu da kada su bari wata kwamfuta ta fita daga harabarsu da faifanta a ciki ba a share ba, kuma malaman kimiyya su mai da wannan aiki darasi a ɗakin gwaje-gwaje. Aikin ciro faifai bai wuce 'yan mintoci ba, amma sirrin da ya fita ba ya dawowa. Kunne ya ji, jiki ya tsira.